Jaji da 'Yan Taru: Tarihin Wani Tsarin Renon Matasa na Sa Kai a Daular Sakkwato

1.0 Gabatarwa

A kowace al'umma akan sami wasu manya waɗanda ba su haifi yaro ba, ba a kuma ɗauke su aikin koyar da shi ba, amma su ja shi a jiki, su nuna masa hanya, ba tare da jiran ladan kowa ba sai na Allah. Masana tarbiyya na wannan zamani sun ba irin wannan aiki muhimmanci ƙwarai, har ana kafa ƙungiyoyi musamman dominsa, kuma sau da yawa akan ɗauka cewa baƙon abu ne da ya zo daga Turai ko Amurka. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ƙasar Hausa ta san tsararren aiki irin wannan tun ƙarni na 19, watau tsarin 'Yan Taru wanda Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta kafa.

An yi rubuce-rubuce da dama a kan Nana da waƙoƙinta. To amma hasken da ke kanta yakan rufe matar da ta ɗauki nauyin tsarin a ƙauyuka, wato jaji. Abin da za a yi ƙoƙarin tabbatarwa a nan shi ne, ƙarfin tsarin ya rataya ne a kan dangantakar da ke tsakanin jaji da yaran da ke bin ta, kuma wannan dangantaka ce ta sa tsarin ya fi daular da aka haife shi a cikinta tsawon rai.

2.0 Yanayin da ya haifar da tsarin

Batun ilmin mata ya girmi jihadi. Tun cikin shekarun 1780, sa'ad da Shehu yake yawon wa'azi a ƙasar Zamfara, wani malami mai suna Mustafa Gwani ya soki yadda mata suke halartar majalisinsa. Abdullahi ɗan Fodiyo ne ya mayar da martani a madadin wansa, kuma hujjar da ya kafa ita ce barin mata cikin jahilci ya fi halartarsu wa'azi muni. Shehu da kansa, a littafinsa Nurul Albab, ya zargi malaman da ke tara ɗalibai a waje alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata ba su san farillan addininsu ba.

A cikin wannan gida aka haifi Nana Asma'u a Ɗegel a shekarar 1793. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, saboda haka ƙuruciyarta ta ƙare ne a cikin ƙaura da yunwa da yaƙi. A yaƙin Tsuntsuwa kaɗai, a ƙarshen wannan shekara, an ruwaito cewa jama'ar Shehu ta rasa mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Wanda ya ga irin wannan asara yana yaro ya san cewa ilmin da ke cikin ƙirjin mutum ɗaya yana iya tafiya a wuni guda. Daga baya ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello bayan rasuwar Shehu a 1817, ta kuma shahara da rubutu cikin Larabci da Fulatanci da Hausa.

Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, amma cin gari daban, gyaran zukata daban. Zuwa shekarun 1830 ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato da ribaɗoɗi irin su Wurno sun cika da mutane iri-iri: Gobirawa da Zamfarawa da Kabawa, da waɗanda aka kamo wajen yaƙi, irin yaƙin Gawakuke na 1836. Da yawa daga cikin matan waɗannan wurare bori suka sani, gare shi suke komawa idan ciwo ko baƙin ciki ya same su. Daular kuwa, duk abin da ta tanada na sarakuna da alƙalai da limamai ga maza yake isa. Malami namiji ba ya shiga cikin gida, matar aure kuma ba ta da halin barin ɗakinta da goyonta ta tafi neman karatu. Ga shi kuwa a hannun waɗannan mata kowane yaro yake fara buɗe ido. Wannan giɓi ne Nana ta nufi cikewa a wajajen ƙarshen shekarun 1830.

3.0 Naɗin jaji

Sunayen da aka zaɓa wa tsarin suna da abin dubawa ga mai nazarin harshe. Kalmar 'yan taru ta fito ne daga aikatau taru, watau waɗanda ke haɗuwa wuri guda domin wata manufa. Ita kuwa jaji, a Hausar fatake, suna ne na shugaban ayari, ɗan'uwan madugu a ma'ana. Nana ba ta kira wakilanta malamai ba, ko da yake suna koyarwa. Ta ɗauko musu suna daga harkar tafiya, wanda ke nuna mutumin da ya san hanya, ya san zango, kuma alhakin duk wanda ke cikin ayari yana wuyansa har a sauka lafiya. Wannan zaɓi ya bayyana irin aikin da ake nema daga gare su.

Akan zaɓi jaji daga cikin dattijan matan gari, wadda ta wuce haihuwa, aka san ta da hankali da riƙon amana, kuma mutanen garin suka yarda da ita. Nana takan naɗa ta da hannunta, ta ba ta malfa, ta ɗaura mata jan ƙyalle a kai. Jean Boyd, wadda ta daɗe tana binciken tarihin Nana a Sakkwato, ta nuna cewa irin wannan malfa alama ce ta Innar Gobir, watau babbar mace ta gidan sarauta wadda ke shugabancin mata da 'yan bori. Hikimar da ke ciki a fili take. Matan karkara sun riga sun san cewa mai sanye da malfa mai faɗa a ji ce a cikin mata, don haka ba a buƙaci a koya musu girmama sabuwar alama ba. An bar tulun yadda yake, an sauya ruwan da ke ciki.

Wajibi ne a lura cewa naɗin bai zo da albashi ko gandu ko rabon ganima ba. Jaji ba ta cikin jerin masu sarautar daula. Abin da ta samu shi ne izini daga 'yar Shehu da martaba a idon jama'arta, abin da ta bayar kuwa shi ne ƙafarta da lokacinta da sauran ƙarfin tsufanta. Har ila yau, ƙulla zumunci tsakanin babbar mace da ƙarama wadda ba jininta ba abu ne da al'adar Hausa ta sani. A littafin tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta buga a 1954, an bayyana dangantakar yaya da ƙanwar rana, inda babbar ke kula da ƙaramar, ƙaramar kuma tana yi mata hidima. Abin da Nana ta ƙara shi ne ta ba irin wannan zumunci manufa ta ilmi, ta kuma ɗaure shi da cibiya guda.

4.0 Abin da yarinya ke samu a cikin ayari

Ayarin da jaji ke jagoranta zuwa wurin Nana, a Sakkwato ko a Wurno, ya ƙunshi rukuni biyu: tsofaffi irinta, da 'yan matan da ba su kai aure ba. Matan da ke tsakiya, masu ciki da goyo da hidimar miji, suna gida. Saboda haka tsarin ya haɗa ƙarshen rayuwa biyu, ya sa wadda ta gama renon nata 'ya'ya ta reni na wasu. Sukan taho a ƙasa, wani lokaci tafiyar kwanaki, ɗauke da sadakar da matan gari suka tara, kamar hatsi da zuma da man shanu da zare, wadda Nana takan raba wa mabukata. Idan sun iso sukan gabatar da tambayoyin da aka aiko su da su, a ba su amsa, a koya musu waƙa, a yi wa 'yan matan addu'a, sa'an nan su juya. Ana iya rarrabe amfanin da yarinya ke samu a wannan tafiya zuwa gida huɗu.

Na farko shi ne ilmi cikin harshen da take ji, a sigar da za ta iya ɗauka. Nana ta san cewa yawancin masu zuwa wurinta ba su karanta Larabci, don haka ta mayar da darasi waƙa. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani a waƙar da ake kira Sunago domin sauƙin hadda. Ta fassara Tabbat Haƙiƙa ta mahaifinta daga Fulatanci zuwa Hausa, wadda ƙanenta Isa ya yi wa tahamisi, kuma waƙa ce da ke gargaɗin mai mulki da talaka a kan zalunci da cin amana. Ta yi Godaben Gaskiya a kan farillai da sakamakon lahira. Waƙa ba ta buƙatar takarda ko fitila, ana rera ta wajen daka da kaɗi, kuma ma'auninta da amsa-amonta suna tsare ta daga ɓata. Amma waƙa ba ta fassara kanta. Jaji ce ke maimaita baiti a kan hanya, ta gyara inda yarinya ta karkace, ta warware mata abin da ake nufi.

Na biyu shi ne abin koyi. A 1836 Sarkin Musulmi Bello ya rubuta littafi a kan salihan mata, Nana kuma ta mayar da shi waƙa, wadda a Hausa ake kira Tawassuli ga Mata Masu Albarka. Jerin ya faro daga matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bi ta kan irin su Rabi'atul Adawiyya, ya sauko har kan matan jama'ar Shehu waɗanda wasu masu sauraro sun san su ido da ido. Darasin da yarinyar ƙauye za ta ɗauka shi ne wannan silsila ba ta yanke ba, kuma akwai gurbi a cikinta ga mace irinta. Sa'an nan ga matakai a gabanta tana gani: jajin garinsu wadda take kwana kusa da ita a zango, da Nana wadda manyan malamai maza ke girmamawa. Yaro ya fi saurin kwaikwayon wanda yake gani kullum a kan wanda yake jin labarinsa.

Na uku shi ne ɗora mata nauyi. A garin da matan aure ke cikin kulle, yara ne ke shiga kowane gida ba shamaki, su ne 'yan aike, su ne masu talla. Yarinyar da ta dawo da waƙa a ka ta zama hanyar da karatu zai bi ya isa ga uwarta da yayyenta. Wadda jiya aikenta bai wuce kai tuwo ba, yau ita ake cewa ta maimaita abin da aka ji daga bakin 'yar Shehu. Babu abin da ke gina mutuncin yaro a idon kansa kamar a damƙa masa amana ya ga ya iya sauke ta.

Na huɗu shi ne hidimar jama'a. Aikin 'yan taru bai tsaya ga karatu ba. An san su da duba marasa lafiya, da taimakon masu haihuwa, da wankan gawar mata bisa sunna, da sharar masallaci, da sulhunta masu husuma. Yarinyar da ke biye da jaji tana ganin waɗannan ayyuka tun tana riƙe mata buta, har ranar da za a ce ta yi da kanta. Ta haka ilmi da aiki suka shiga jikinta tare.

A ƙarƙashin waɗannan huɗu akwai sharaɗi guda, wato amincewar iyaye. Ba uban da zai saki 'yarsa ta yi tafiyar kwanaki a zamanin da hanyoyi ba su da cikakken tsaro, sai ya san a hannun wa take. Da jaji ɗaya ta ci amana, da ƙofofin gari sun rufe. Mutuncin jaji shi ne jarin tsarin baki ɗaya.

5.0 Ɗorewar tsarin

Shaida mafi ƙarfi a kan matsayin jaji ta fito daga alƙalamin Nana. Ta yi marsiyyoyi ga manyan daula, irin su Bello da mijinta Giɗaɗo, amma a ƙarshen rayuwarta ta yi wa wata jaji mai suna Hawa'u marsiyya ita ma. Abin da ta yaba mata da shi shi ne naciya: ta yi shekaru tana kan hanya tana kawo mata, ba ta fasa ba saboda zafin bazara ko ruwan damina ko sanyin hunturu. Wannan ya nuna abin da mai tsarin ta ɗauka shi ne ma'aunin jaji tagari.

Nana ta rasu a 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Sakkwato. Ƙanwarta Maryamu, wadda ta taɓa zama a Kano tana auren Sarki Ibrahim Dabo, ta ci gaba da karɓar ayari da naɗa jaji, bayanta kuma Ta Modi ta gaje ta. A 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Duk wata hukuma da ke rataye da ikon Sarkin Musulmi sai da sabon mulki ya taɓa ta, ya sauya mata fasali ko ya rage mata ƙarfi. 'Yan taru kuwa ba su da baitulmalin da za a ƙwace, ba su da ofishin da za a rufe. Sa'ad da Turawa suka fara buɗe wa 'yan mata makarantu a Katsina da Kano a 1930, sun yi aikinsu kamar babu wani tsarin ilmin mata a ƙasar, alhali ayarin mata bai daina zuwa Hubbaren Shehu ba.

Sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 20 masana suka waiwayi tsarin. Jean Boyd ta yi aiki da rubuce-rubucen da ke hannun Waziri Junaidu, wanda ya fito daga zuriyar Giɗaɗo da Nana, ta kuma zanta da matan da suka gaji aikin. Littafinta a kan rayuwar Nana ya fito a 1989, sa'an nan ita da Beverly Mack suka buga tarin ayyukan Nana a 1997. Farfesa Sa'adiya Omar ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta yi nazarin tsarin 'yan taru da waƙoƙinsu cikin Hausa. Abin lura shi ne, fiye da shekara 100 bayan rasuwar Nana, masu bincike sun tarar da mata masu riƙe da waƙoƙinta a ka, sun karɓa daga waɗanda suka karɓa.

6.0 Tsarin a ma'aunin binciken zamani

Binciken da aka yi a wasu ƙasashe yana taimakawa wajen gane dalilin wannan nasara. A tsibirin Kauai na jihar Hawai ta Amurka, Emmy Werner da Ruth Smith sun bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 har suka kai shekara 40. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na yaran sun taso cikin talauci da rikicin gida, amma kashi ɗaya cikin uku na waɗannan sun girma sun zama mutanen kirki masu riƙe kansu. Daga cikin abubuwan da suka bambanta su da sauran akwai samun wani babba mai kula da su, kaka ko maƙwabci ko malami. A 2002 kuma Jean Grossman da Jean Rhodes sun nazarci yaran da wata ƙungiyar Amurka ta haɗa da manya masu aikin sa kai. Sun gano cewa waɗanda dangantakarsu ta kai shekara ko fiye su ne suka fi amfana, waɗanda tasu ta yanke kafin wata uku kuwa sun koma baya wajen ganin ƙimar kansu. Ashe babban da ya zo ya tafi yana iya barin yaro da rauni.

Idan aka auna tsarin 'yan taru da wannan ma'auni za a ga inda ƙarfinsa yake. Jaji 'yar gari ce, a nan ta tsufa, a nan za a binne ta. Yarinyar da ta bi ta a bana za ta same ta baɗi, za ta same ta ranar aurenta da ranar haihuwarta ta fari. Abin da Nana ta yaba wa Hawa'u da shi, shi ne abin da masu bincike suka auno da alƙaluma bayan shekara fiye da 140.

7.0 Iyakokin tsarin

Adalcin tarihi ya wajabta a faɗi inda tsarin ya tsaya. Na ɗaya, na mata ne zalla. Yara maza suna da tasu hanya ta makarantar allo da almajirci. Na biyu, ya fi dogara ga hadda da sauraro, saboda haka ba kowace 'yar taru ce ta fita da iya karatu da rubutu ba. Na uku, yana da manufar da ta dace da bukatar daula, watau raba mata da bori da shigar da waɗanda aka ci da yaƙi cikin sabuwar al'umma, kuma wasu daga cikin matan ba da son ransu suka zo ƙasar ba. Bori ma bai mutu ba, sarautar Inna kuma ta ci gaba a wurin Gobirawan da suka kafa Tsibiri a ƙasar Nijar ta yau. Na huɗu, yawancin bayanin yadda ayari ke gudana an tattara shi ne daga bakin magada a ƙarni na 20, don haka ya kamata mai nazari ya riƙa gwada shi da abin da waƙoƙin Nana suka nuna.

8.0 Kammalawa

An ga yadda bukatar isar da ilmi ga matan karkara ta sa Nana Asma'u ta ɗauko suna daga ayarin fatake, ta ɗauko alama daga fadar Gobir, ta damƙa su ga dattijan mata masu aikin sa kai. An kuma ga cewa yarinyar da ta bi jaji ta samu ilmi da abin koyi da amana da horon hidima, duk ta hannun mace ɗaya wadda iyayenta suka sani. A yau makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai da dama suna ɗauke da sunan Nana, kuma shirye-shiryen ilmin 'ya'ya mata suna zuwa da kuɗi da motoci, su watse idan wa'adin kuɗin ya cika. Mai tsara irin waɗannan shirye-shirye zai amfana idan ya fara da tambayar da Nana ta fara da ita: wace ce a garin nan iyaye za su ba 'yarsu, kuma za a same ta a nan bayan shekara goma? Ga masu nazarin Hausa kuwa akwai aiki a gaba, na tattara sunayen matan da suka riƙe jaji gari-gari, da hanyoyin da suka bi, da waƙoƙin da ke bakin magadansu, tun waɗanda suka san su suna raye.